An ba ni soshiyoloji maimakon lauya, in karɓa ko in jira baɗi?

Yar_Auta:

Assalamu alaikum yayye da ƙanne. Dan Allah shawara nake nema kuma da gaggawa, don lokacin rajista ya kusa rufewa. Karatun lauya na nema, shi ne a raina tun ina sakandare, toh sunaye sun fito an ba ni gurbi amma a soshiyoloji, wato ilimin zamantakewa, kuma ni gaskiya ban san komai a kansa ba in banda sunan.

A gida kowa da abin da yake faɗa. Baba ya tambaye ni in na gama me zan zama, na rasa amsar da zan ba shi, don wanda ya karanta likitanci likita ne, wanda ya karanta lauya lauya ne, to wanda ya karanta wannan fa me ake ce masa? Yayana kuma cewa ya yi kwas ne da ake tura waɗanda aka rasa inda za a saka su, wai ba komai a ciki sai surutu da haddace sunayen Turawan da suka daɗe da mutuwa, gara in zauna in sake jarrabawa baɗi ko Allah zai sa a dace. Mama ita kuma tana ganin zaman gida na shekara guda ba alheri ba ne, kuma ba wanda ya ba ni tabbacin baɗin ma zan samu lauyan.

Abin da nake so in sani daga waɗanda suka karanta shi ko suke ciki yanzu, me ake koyarwa ne takamaimai? Akwai lissafi a ciki? Don ni da lissafi ba ma shiri sosai. Sannan in an gama wane irin aiki ake samu, na gaske fa nake nufi, wanda kuka gani da idonku mutum ya samu. Kada a ɓoye min komai dan Allah, ko mai ɗaci ne ina so in ji. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Tsohon_Ɗalibi:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni shi na karanta kuma da shi nake cin abinci yau, don haka zan faɗa miki abin da na sani, mai daɗi da marar daɗi.

Abin da ake koyo shi ne yadda za ki gane me ya sa mutane in sun taru suke yin abin da suke yi, kuma ki iya kawo hujja a kai, ba zato ba. Akwai misalin da kusan kowane malami yake fara mana da shi, na wani Ba'amurke C. Wright Mills a 1959. In mutum ɗaya ne a gari ba shi da aikin yi, sai a dube shi shi ɗin, ko bai iya komai ba ne ko kuma lalaci ne ya yi masa yawa. Amma in miliyoyi ne suke zaune ba aiki, to ba za ki ce duk rana ɗaya suka zama ragwaye ba, dole a duba yadda aka tsara tattalin arziki da makarantu da hanyar ɗaukar ma'aikata. Koyon raba waɗannan biyun, matsalar mutum shi kaɗai da matsalar da tsarin al'umma ya haifar, shi ne ƙashin bayan kwas ɗin gaba ɗaya.

Maganar yayanki ta haddace sunaye, eh akwai sunaye, ba zan ce babu ba. Mutum uku za su bi ki tun daga ajin farko har ki fita, Karl Marx da Max Weber, dukkansu Jamusawa, sai Emile Durkheim ɗan Faransa. Amma wanda ya tsaya a haddace sunayensu bai karanta komai ba. Ɗauki Durkheim misali. A 1897 ya fitar da bincikensa kan masu kashe kansu, abin da kowa zai ce miki tsakanin mutum ne da zuciyarsa. Shi kuwa sai ya tattaro alƙaluman ƙasashen Turai ya jera su, ya ga adadin ya fi yawa a tsakanin 'yan Furotesta fiye da 'yan Katolika, ya fi yawa a marasa aure fiye da masu aure, kuma yana raguwa lokacin yaƙi. Daga nan ya ce ashe gwargwadon yadda mutum yake ɗaure da jama'arsa yana da tasiri ko a wannan abin. An soki alƙalumansa daga baya, kuma har sukar za a koya miki, amma hanyar da ya bi ita ce darasin, ka yi tambaya, ka nemo bayanai, ka kwatanta rukuni da rukuni, sannan ka yi magana.

Tsarin karatun kusan ɗaya ne ko'ina, wasu ƙasashen shekara 3 wasu 4. Shekarar farko gabatarwa ce, ana haɗa miki da ɗan ilimin siyasa, tattalin arziki, saikoloji (wato ilimin halayyar ɗan Adam) da ilimin al'adu. Tsakiya nan ne tiyori da hanyoyin bincike da ƙididdiga suke shigowa, sai rassa, akwai na iyali, na laifuka da hukunci, na kiwon lafiya, na birni da karkara, na yawan jama'a, na ma'aikatu, na addini, na ilimi. Shekarar ƙarshe kuma furojet, ki fita da kanki ki yi bincike ki rubuta ki kare shi gaban malamai.

Lissafi akwai, kada kowa ya ruɗe ki. Ƙididdiga ce, kuma ita da kwas ɗin hanyoyin bincike su ne ɗalibai suka fi gudu, ana neman makin tsallakewa kawai a wuce. Toh wallahi su biyun nan su ne suka ba ni aiki. Abin da nake yi yanzu bibiya da tantance ayyuka ne, wato in an kashe kuɗi an yi wa jama'a wani shiri, mu ne muke komawa mu auna ko ya yi amfani. Bari in ba ki misali ƙarami ki ga inda karatun yake shigowa. A ce an yi shirin wayar da kai kan wanke hannu, in kika shiga gida kika ce kuna wanke hannu da sabulu, kowa eh zai ce miki, don ba mai son a gan shi ƙazami a gaban baƙo. Takardarki za ta cika da eh, rahoto ya yi kyau, alhali ƙarya ce. Wanda ya koyi bincike ba zai tsaya a tambayar ba, zai ce a nuna masa inda ake wankewar, ya duba da idonsa ko akwai ruwa a wurin, ko akwai sabulu, ko sabulun ma ya taɓa jiƙewa. Irin wannan ake biyan mutum a kansa.

Waɗanda muka gama tare, akwai masu koyarwa, akwai ma'aikatan gwamnati a ɓangaren walwalar jama'a da tsare-tsare, akwai waɗanda suka shiga aikin ɗamara da gidajen gyaran hali, wasu suna sashen kula da ma'aikata a kamfanoni, wasu aikin jarida, wasu ƙungiyoyin agaji. Akwai kuma waɗanda har yau suna nema, wannan ma gaskiya ce. Shawarata ki karɓa, kada a yi sakin reshe kama ganye.

Baban_Yara:

'Yata, ki yi haƙuri ni zan ɗan saɓa da na sama. Ba ƙarya ya faɗa ba, amma shi yana cikin waɗanda abin ya yi wa kyau ne, ya kamata ki ji ta bakin ɗaya ɓangaren.

Ni ma shi na karanta, kuma na fita da sakamako mai kyau. Na daɗe ina yawo da takardu ofis ofis, kuma tambayar da Babanki ya yi miki ita ce dai ake min a wajen intabiyu, to kai me ka iya? In na fara bayanin tiyori sai in ga mai tambayar ya fara kallon agogo. Daga ƙarshe sana'ar da nake yi yau ba ta da alaƙa da abin da na karanta ko kaɗan, Alhamdulillahi ina rufa wa kaina asiri, amma ba digirin ne ya ba ni ba.

Matsalar ita ce wannan digirin ba shi da ƙofa tasa shi kaɗai. Lauya yana da lasisi, ba wanda zai tsaya gaban alƙali ya kare mutum sai shi. Likita haka, mai haɗa magani haka. Amma duk aikin da ɗan'uwana ya lissafo a sama, wanda ya karanta siyasa ko tattalin arziki ko aikin jarida ko tarihi shi ma zai nema, kuma za a iya ɗaukarsa a bar ki. Kenan kullum cikin gasa kike da mutane da yawa. Sannan mu lokacinmu a inda na yi, aji cike yake maƙil, malami ya zo ya karanto nut mu rubuta, ranar jarrabawa mu mayar masa da abinsa, kwas ɗin ƙididdiga ma a allo aka yi mana shi har muka gama ba a taɓa zaunar da mu gaban kwamfuta ba. Wanda ya fito daga irin wannan ajin da me zai yi gasar?

Don haka ni abin da zan ce, ki tambayi zuciyarki da gaske. In lauyan nan shi ne abin da kike kwana kike tashi da shi, kuma makin da kika samu bai yi nisa da wanda ake nema ba, shekara ɗaya ba komai ba ce a rayuwa, shekara huɗu a kwas ɗin da ba kya so ita ce doguwa. In kuma za ki shiga, ki fara zuwa sashen ki tambayi ɗaliban ajin ƙarshe yadda ake koyar da su, su ba za su ɓoye miki ba. Ki yi istihara kuma, ki saurari iyayenki.

Yar_Auta:

Na gode Yaya, na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya maganganun biyu duk sun shige ni. Ƙididdigar nan ce ta fi tsorata ni, shin irin lissafin sakandare ne mai x da y ko yaya? Sai kuma wani abu da na ji kunyar sakawa da farko, wata ƙawata ta ce min wai masu karanta soshiyoloji suna dawowa da shakku a addini saboda ana koya musu maganganun su Marx, shin haka ne?

Malama_Mai_Alli:

Ƙanwata sannu, tambayoyin nan biyu masu kyau ne kuma ba abin kunya a ciki. Ni koyar da shi nake yi, kuma kusan kowace shekara sai sabbin ɗalibai sun zo ofis da su.

In fara da ƙididdiga. In kin iya tarawa da rabawa da fitar da kashi cikin ɗari, kin riga kin mallaki abin da ake bukata a fara. Lissafi mai nauyin kwamfuta ce take yi yanzu, da manhajoji irin su Excel ko SPSS ko Stata ko R. Abin da muke nema a wajenki shi ne hankali, ki san wa aka tambaya, wa aka bari, kuma lambar da ta fito me take nufi. Akwai labarin da nake ba ɗalibaina ranar farko. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936 wata mujalla mai suna Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, aka dawo mata da sama da miliyan 2, ta lissafa ta ce Alf Landon ne zai kayar da Franklin Roosevelt. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Shi kuwa George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, da mutum kusan 50,000 kawai ya tambaya ya faɗi daidai wanda zai ci. Me ya faru? Mujallar ta samo sunaye ne daga littattafan lambobin tarho da rajistar masu motoci da masu sayen mujallarta, a lokacin da ake cikin matsin tattalin arziki, wato masu hali ta fi tambaya, sannan waɗanda suka ɗauki wahalar mayar da amsa ma sun fi karkata ga masu adawa da Roosevelt. Tarawarsu daidai take, ba su yi kuskuren lissafi ba, wajen zaɓar waɗanda za a tambaya aka faɗi. Kin ga wannan ba x da y ba ne, kuma wanda ya fahimci wannan labarin ya fahimci rabin kwas ɗin. Ɗalibai da yawa da suka zo min suna rawar jiki saboda lissafi su ne suka fi kowa iyawa daga baya, don tsoron yana sa su zauna su yi aikin gida.

Maganar addini kuma, eh za a koya miki Marx, kuma ra'ayinsa game da addini ba mai daɗin ji ba ne ga mai imani, yana ganinsa a matsayin abin da ke kwantar wa talaka da hankali ya haƙura da zaluncin da ake masa. Amma a aji ɗaya za a koya miki Weber wanda ya nuna cewa aƙida tana iya juya tattalin arziki da kanta, a rubutunsa na 1904 zuwa 1905 kan 'yan Furotesta da tasowar jari hujja, da Durkheim wanda yake ganin addini shi ne yake ɗaure al'umma wuri ɗaya. Su ukun ba su yarda da juna ba, kuma ba a ce ki yi imani da ko ɗaya ba, a jarrabawa ma abin da ake so ki kawo abin da mutum ya ce, ki kawo hujjarsa, ki nuna inda ya yi rauni. Soshiyoloji ba shi da kayan aikin da zai ce miki addini kaza gaskiya ne ko ƙarya, wannan ba hurumin sa ba ne. Abin da yake iya dubawa shi ne yadda mabiya suke rayuwa, wa yake zuwa wurin ibada, yaya ake samun shugabanci, yaya ƙungiyoyi suke rabuwa. Wanda ya je da iliminsa na addini daidai gwargwado ban ga abin da zai girgiza shi ba, in kuma wani abu ya shige miki duhu ki kai wa malamanki na addini, haka masu hankali suke yi.

Kuma ki gaya wa yayanki ba Turawa kaɗai ba ne. Gaskiya ne Auguste Comte ɗan Faransa ne ya raɗa wa fannin suna a shekarun 1830, kuma Jami'ar Chicago ta buɗe sashensa tun 1892. Amma kusan shekara 500 kafin Comte, Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, kuma ya yi alƙalancin mazhabar Malikiyya a can, ya rubuta Muƙaddima a 1377. A ciki ya yi bayanin asabiyya, wato ƙarfin haɗin kai da yake sa jama'a su kafa daula, da yadda jin daɗin birni yake cinye wannan haɗin kan har daular ta raunana bayan kamar tsatso uku wasu su zo su karɓe. Abin da ya fi burge ni da shi, ya soki marubuta tarihi da suke kwafo adadin runduna mai yawan gaske ba tare da sun tambayi kansu ko ƙasar za ta iya ciyar da wannan adadin ba, ko filin yaƙin ma zai ɗauke su. Wannan ita ce dai tarbiyyar da muke ƙoƙarin ba ɗalibi yau, kada ka karɓi lamba don kawai an rubuta ta.

Game da abin da Baban_Yara ya faɗa, ban musa masa ba, akwai sassan da ake koyarwa haka kuma abin yana min ciwo, don ɗalibi ya ba da shekarunsa ya cancanci fiye da karanto nut. Abin da zan ƙara kawai, yau ko sashenki bai zaunar da ke gaban kwamfuta ba kina iya zaunar da kanki. R kyauta ne, KoboToolbox da ake tsara tambayoyi a tattara amsa da waya shi ma ana amfani da shi kyauta, darussa kuma suna nan a intanet.

Wani abu da ake yawan rikitawa, soshiyoloji daban, aikin jin daɗin jama'a daban, saikoloji daban. In burinki ki zauna da mutum ɗaya mai damuwa ki taimaka masa ya fita daga ciki, waɗancan biyun sun fi kusa da haka. Mu rukuni muke kallo.

Ɗan_Aji_Uku:

Anti Yar_Auta ni ina ciki yanzu haka, kuma nima ba shi na nema ba, don haka na san yadda kike ji wlh. Abin da ba wanda ya gaya miki tukuna shi ne karatu yana da yawa, karatu na gaske na zama da littafi, in ba kya son karanta dogon rubutu da yin rubutu da kanki to za ki sha wuya fiye da ta lissafin ma, don jarrabawarmu yawanci tattauna kaza ne ko kwatanta kaza da kaza, shafi uku huɗu kina zuba bayani kuma malami yana gane wanda ya fahimta da wanda ya yi hadda.

Ni abin da ya sa na fara son sa wani asaimen ne da aka ba mu samistar da ta wuce, aka ce kowa ya yi hira da mutanen da suka samu aiki kwanan nan ya tambaye su ta yaya suka ji labarin aikin. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, sai da na zauna rubuta hirar daga rikodin ɗin waya na gane hirar minti ashirin tana iya cinye maka yamma guda, kana tsayarwa kana komawa baya, ga wani ya yi magana ƙasa ƙasa, ga wanda da ya ga na kunna rikodin sai ya canza murya ya koma magana kamar ana hira da shi a rediyo, sai da na ajiye wayar gefe muka ɗan yi taɗi sannan ya saki jiki. Kuma an hana mu rubuta sunan kowa, dole ka nemi izininsa kafin ka ɗauka, ka gaya masa yana iya cewa a tsaya duk lokacin da ya so. Da muka haɗa namu a aji sai ga shi da yawansu ba ɗan'uwa na jini ko babban aboki ne ya gaya musu ba, wani ne da suka sani sama sama, tsohon ɗan ajinsu ko wanda suka taɓa aiki tare. Sai malamin ya ce toh ku je ku karanta Mark Granovetter, wani masanin soshiyoloji Ba'amurke, ashe tun 1973 ya rubuta wannan bayan binciken da ya yi a wani gari kusa da Boston, dalilinsa kuma na kusa da kai abin da ka sani shi suka sani don da'irarku ɗaya, na nesa shi ne yake jin labarin da bai iso wajenku ba. Ranar na ji wani iri wallahi, abin da muka tono da hannunmu ga shi a littafi.

Shawara ɗaya, duk hutun da aka yi ki nemi inda ake aikin tattara bayanai ki shiga ko kyauta ne, ana yawan neman ɗalibai masu zagayawa da tambayoyi. Ni da na yi sau ɗaya yanzu ina da abin rubutawa a takardar neman aiki banda sunan makaranta.

Tsohon_Ɗalibi:

Baban_Yara Allah ya ƙara girma, maganarka ta lasisi gaskiya ce ban da ja a kai, kuma shi ya sa nake matsa wa ƙannenmu su fita da wani abu a hannu da za su iya nunawa in an ce me ka iya. Wanda zai buɗe kwamfuta ya nuna tambayoyin da ya tsara da bayanan da ya tace da rahoton shafi biyu da ya rubuta, ba a kallon agogo in yana magana. Inda na saɓa da kai shi ne zaman shekara guda, don ba a san me baɗi za ta zo da shi ba.

Ƙanwata, tunda lauyan yana ranki, abu biyu za ki bincika kafin ranar rajista. Na farko ki je ofishin kula da harkokin karatu na jami'ar ki tambaya ko suna barin canjin sashe bayan shekarar farko da makin da suke nema, jami'o'i da yawa suna yi amma kowace da ƙa'idarta, kuma tsangayar lauya takan yi tsauri don masu nema sun yi yawa, don haka a rubuce za ki nemi ƙa'idar kada ki tsaya a ji-ta-ji-ta. Na biyu, ana iya karanta lauya a matsayin digiri na biyu bayan an gama wannan, a Amurka ma dole sai ka yi wani digirin kafin a ɗauke ka makarantar lauya. In kika bi ta nan, kwasa-kwasan laifuka da hukunci da na doka da al'umma su za ki fi ba ƙarfi, ki kuma yi furojet ɗinki a wannan ɓangaren.

Yar_Auta:

Na gode ƙwarai dukkanku, na karanta wa Baba amsar Malama da ta Baban_Yara, ya ce gobe in je sashen in ga ɗaliban ajin ƙarshe kamar yadda aka ce, in biya ofishin in karɓo ƙa'idar canjin sashe, sannan mu zauna mu yanke. Malama dan Allah in ba damuwa, Excel ɗin zan fara koya ko R, tunda ban taɓa taɓa ko ɗaya ba?

Malama_Mai_Alli:

Excel ƙanwata. Ki fara da shigar da bayanai a layi da tsari, kowane mutum layi ɗaya, kowace tambaya ginshiƙi ɗaya, ki koyi tacewa da fitar da matsakaici da kashi cikin ɗari da zana jadawali. R sai kin yi kwas ɗin ƙididdiga na farko, lokacin za ki san abin da kike umartar sa ya yi. In kin je sashen ki tambayi ɗaliban ko ana ba su aikin fita fili kafin shekarar ƙarshe, da kuma ɗalibai nawa malami ɗaya yake dubawa a furojet. Allah ya yi miki zaɓi mafi alheri.